Jinga Nake Nema: Mai Sikila da Neman Aiki ta Intanet

Duk wanda ciwo ya zaunar a gida ya san wannan shawara, domin kusan kowane mai zuwa dubiya da ita yake rufe zancensa: "Ai yanzu zamani ya canza, ki nemi aikin intanet mana, kina kwance ana turo miki dala." Da zuciya ɗaya suke faɗa, kuma ba ƙarya suka yi ba gaba ɗaya. Aikin yana nan, ni ma da shi nake sayen magani. Sai dai daga jin wannan magana zuwa ranar da kuɗin farko za su faɗo asusu akwai tafiya, kuma abin da ke tare marar lafiya a hanyar ba shi ne ke tare lafiyayye ba.

Ni sikila gare ni, wadda wasu ke kira amosanin jini. Jan ƙwayar jinin lafiyayye tana yin kwana 120 tana aiki. Tamu ba ta wuce kwana 10 zuwa 20 ta mutu, shi ya sa kullum muna cikin ƙarancin jini da kasala. Ƙwayar kuma takan lanƙwashe ta toshe ƙananan hanyoyin jini, nan ne ciwon ƙashi yake tashi, irin wanda babba zai yi ta kuka ba ya jin kunya. An ƙiyasta ana haihuwar jarirai kusan 150,000 da wannan lalura a Najeriya kowace shekara, fiye da kowace ƙasa a duniya. Abin da ya zaunar da ni ma ba tashin ciwon ba ne kaɗai. Jinin da ke ciyar da kan ƙashin cinya, inda ya shiga cikin kwatangwalo, shi ne ya toshe, ƙashin ya fara mutuwa. Da ina koyar da Turanci a wata firamare mai zaman kanta a nan Kano. Tsayuwa gaban allo ta gagara, hawa adaidaita sahu ya zama azaba, duk ramin da ya faɗa sai na ji shi har tsakiyar kai. Yanzu daga ɗaki zuwa tsakar gida da sanda nake zuwa, fita kuwa sai ranar ganin likita.

Abu na farko da mai nema zai gane shi ne, yawancin guraben da ake tallatawa a LinkedIn ko Jobberman da sunan aiki daga gida, ofis ne aka ɗauko aka kawo maka ɗaki. An yafe maka hanya da kuɗin mota, amma ba a yafe maka agogo ba. Aikin amsa kiran abokan ciniki awa takwas ne zaune da abin sauraro a kunne, ga manhaja tana lissafa mintin da ka tashi. A dandalin Upwork, idan aikin na biyan awa ne, manhajarsu tana ɗaukar hoton fuskar kwamfutarka sau ɗaya a kowane minti goma, tana kuma ƙirga motsin hannunka a kan madannai. Ga mai ƙoshin lafiya wannan takura ce kawai. Ga wadda ba ta iya zama a ƙugu ɗaya na tsawon lokaci sai ta kishingiɗa, wadda dole ta yi ta shan ruwa tana zagayawa, wannan ƙofa ce a rufe ko da an rubuta "kowa zai iya nema" a jikinta.

Sai kuma bambancin lokaci. Kamfanin da ke New York in ya buɗe ƙarfe tara na safe, a nan ƙarfe biyu ne ko uku na rana, gwargwadon yanayin shekara, ya tashi muna goma ko sha ɗaya na dare. Na jihar Kalifoniya kuwa ba ya buɗewa sai biyar ko shida na yamma, aikin ya kai ka biyun dare. Rashin barci, gajiya da sanyin dare suna cikin abubuwan da ke tayar mana da ciwo, musamman da hunturu. Da yawa ma in ka karanta tallar har ƙasa za ka tarar an ce mazauna Amurka ko Turai kaɗai, saboda dokokin haraji da na ƙwadago na ƙasashensu. Karanta ƙarshen talla kafin farkonta yana rage ɓata data.

Amma babbar matsalar ba tsawon awannin ba ce. Ciwo irin namu ba ya sallama. Zan iya yin makonni garau, in yi aikin da ya fi na mutum biyu, sannan zazzaɓin cizon sauro ya shigo, ko ruwan sama ya sauko da sanyi, gari ya waye ina gadon asibiti ana ƙarin ruwa. Haka mai ciwon ƙoda da ke zuwa wankin jini, haka mai farfaɗiya, haka mai ciwon gaɓoɓi: kowa da yadda nasa yake zuwa, amma duk mun haɗu a abu ɗaya, ba mu iya ɗaukar alkawarin cewa ranar Talata ƙarfe tara za a same mu zaune. Ƙwarewa muna da ita. Tabbacin gobe ne ba mu da shi, shi kuma mai ɗaukar ma'aikaci tabbacin yake saye kafin ƙwarewar.

Umma ce ta warware mini wannan ba tare da ta taɓa kwamfuta ba. Ina yi mata bayanin wani aiki da na bari saboda sharaɗin awanni, sai ta ce, "Ke kuwa me ya kai ki aikin wuni? Ki nemi jinga mana. Ni da nake ɗinkin hula, mai hula ya taɓa tambayata da rana na yi ko da dare? Ya kawo, mun yi ciniki, na ce masa ranar kaza, shi ke nan."

Na ce, "Umma, ai su Turawa ba haka suke ba."

Ta ce, "Duk mai son aikinsa ya yi kyau haka yake."

Gaskiyarta. A intanet ɗin ma aiki iri biyu ne: wanda ake biyan zamanka, da wanda ake biyan abin da ka miƙa. Na biyun shi ne namu. Fassara ana biya ne bisa yawan kalmomi. Mayar da magana da aka naɗa zuwa rubutu, bisa yawan mintunan sautin. Haka sanya rubutun fassara a ƙasan bidiyo, tace rubutu, zanen talla, shigar da lissafin ƙananan 'yan kasuwa. Mai aikin ba ruwansa da ko a zaune ka yi ko a kwance da matashi ƙarƙashin gwiwa, in dai ya iso ranar da aka yanka. Tun da na gane haka na daina tambayar "daga gida ne?" na koma tambayar "da me ake auna aikin?"

A nan ne Hausa ta yi mini rana. Google ya saka Hausa cikin manhajarsa ta fassara tun 2013. Ƙungiyar Translators without Borders, wadda yanzu take ƙarƙashin sunan CLEAR Global, ta fara aiki a arewa maso gabashin Najeriya a 2017 saboda ma'aikatan agaji na buƙatar isar da saƙo da Hausa da Kanuri. Ƙungiyoyin lafiya suna son a fassara musu bayanin rigakafi da takardun neman amincewar marasa lafiya. Kamfanonin ƙirƙirarriyar basira suna neman masu karanta jimloli a naɗa, da masu duba amsar da na'ura ta bayar su ce daidai ne ko shirme. A dandalin masu fassara irin su ProZ ana saka irin waɗannan ayyuka. Sai dai kada wanda ya tashi da Hausa a baki ya ɗauka ya gama. Kusan duk kamfanin fassara sai ya yi maka gwaji, kuma abin da ke kayar da mutanenmu ƙa'idojin rubutu ne: rubuta ƙ da ɗ da ɓ da lanƙwasarsu, sanin inda ake raba kalma da inda ake haɗewa, bambance "ya yi" da abin da muka saba dannawa a WhatsApp. Wanda ya zauna ya gyara wannan ya riga ya wuce rabin masu nema. Koyon manhajar fassara ma ba sai da kuɗi ba, OmegaT da Matecat kyauta ne.

Ba zan zuga wannan kasuwa fiye da kima ba. Farashin fassara yana sauka, domin yanzu sau da yawa na'ura ce ke yin ta farko a ce ka gyara, a biya ka ƙasa da na fassara, alhali wani lokacin gyaran ɓarnar na'ura ya fi sabon aiki cin rai. Ayyukan horar da na'ura kuwa yau akwai gobe babu. A watan Maris na 2024 dandalin Remotasks ya rufe ƙofarsa ga masu aiki daga Kenya da Najeriya da Pakistan, mutanen da suka dogara da shi suka wayi gari ba su iya shiga. Lafiyayye zai iya fita ya kama wata sana'a kafin abin ya daidaita. Wanda ke ɗaki ba shi da wannan, don haka dogaro da dandali ɗaya ganganci ne.

Neman kansa ma kuɗi yake ci, abin da masu ba da shawara ba sa faɗa ke nan. A Upwork kowace takardar neman aiki sai ka biya da wasu tikitoci da suke kira Connects, ɗaya senti 15 na dala, kuma aiki guda yana iya cin goma ko fiye, a ɗauke ka ko kada a ɗauke ka. Dandalin Fiverr kuwa yana cire kashi 20 cikin ɗari na la'ada, sabon shiga kuma sai ya jira kwana 14 bayan miƙa aiki kafin ya taɓa kuɗinsa. A Janairun 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da data har zuwa kashi 50 cikin ɗari. Wuta kuwa kowa ya san halin da ake ciki. A Oktoban 2024, lokacin da aka lalata layin da ke kawo wuta daga Shiroro zuwa Kaduna, yawancin jihohin Arewa sun fi mako cikin duhu. Masu ƙafa suka riƙa kai waya da kwamfuta shagon caji, ko su tafi inda ake da inji su zauna. Ni sai dai in aiki Auta da kwamfuta a jaka, in zauna jiran dawowarsa. Kuɗin kirki na farko da na samu, ƙaramin faifan sola da batir na saya, kafin ma in yi tunanin sabuwar atamfa. A ganina wannan shi ne jarin farko ga duk mai wannan niyya, ya fi kowane kwas ɗin da ake tallatawa.

Karɓar kuɗin ma wani aiki ne. An yi shekaru da dama PayPal ba ya barin asusun ɗan Najeriya ya karɓi kuɗi, sai dai ya aika, shi ya sa aka koma Payoneer da manhajoji irin su Grey, ko asusun dala na banki. Duk suna son lambar NIN ko BVN ko fasfo, da sunan da ya yi daidai harafi da harafi. In sunanka Muhammad ne a wata takarda, Mohammed a wata, gyara ya kama ka, gyaran kuma layi ne a ofis, layin da ba ka iya tsayuwa. A fara da wannan tun kafin a sami aikin. Abin da ke sa a jure shi ne canji: a tsakiyar 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Aikin dala hamsin da Bature zai raina, a nan yana sayen hydroxyurea da folic acid da maganin kariyar zazzaɓi, har a sami ragowar kuɗin gwajin jini. Ko da yake magungunan ma sun bi dalar sun hau.

'Yan damfara kuwa sun san mu sarai. Sun san mai zaman ɗaki yana da lokaci, yana da waya a hannu, yana kuma jin nauyin zama kaya a wuyan iyaye. Saƙo zai shigo WhatsApp daga baƙuwar lamba, wai wani kamfani na neman masu danna alamar so a bidiyon YouTube. Ka danna uku, a turo maka 'yan kuɗi na gaske, a ja ka zuwa Telegram, sannan a ce ka zuba naka don a buɗe maka manyan ayyuka. Daga nan an gama. Wasu za su ce kuɗin rajista ko na horo. Wasu za su ce a turo kuɗi asusunka ka wuce da su gaba ka cire ladanka, wanda kuma sunanka ne zai fito ranar da EFCC ta zo bincike. Ba yara ne ke wasa ba: a Disambar 2024 hukumar ta kama mutum 792 a gini ɗaya a Victoria Island ta Legas bisa zargin damfara ta intanet, cikinsu har da baƙi 'yan ƙasashen waje da dama. Ƙa'idata ɗaya ce, ban taɓa ganin ta kuskure ba: mai ɗaukar aiki na gaskiya ba ya karɓar ko kwabo daga mai nema. Akwai kuma masu sayar da asusun dandali mai sunan wani Ba'amurke, a ɓoye inda ake da manhaja. Ranar da aka gano, asusun da kuɗin da ke ciki duk sun tafi, ba kuma wanda za ka kai wa ƙara.

Tambayar da ta fi hana ni barci ita ce: in faɗa musu ina da ciwo ko in yi shiru? A takarda muna da kariya. Dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman ta 2018, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ce ma'aikatun gwamnati su ware aƙalla kashi 5 cikin ɗari na guraben aiki ga masu nakasa, an kuma kafa hukuma ta ƙasa a 2020 don kula da hakan. Amma gurbin da aka ware a hawa na uku na sakatariya, wanda sai ka sa hannu a rajista kowace safiya, me zai yi wa wadda ba ta iya fita? In da gaske ake, da an ware wani ɓangare na ayyukan shigar da bayanai da fassara da tace takardu an ce a yi su daga gida. Amurka tana da dokarta tun 1990, Birtaniya tana da ta 2010, duk suna tilasta wa kamfani ya sassauta wa ma'aikaci mai lalura. Sai dai ma'aikacinsu suke nufi. 'Yar jinga da ke zaune a Kano, in ta ce tana da ciwo, ba wanda zai ce mata don haka ne. Imel ɗin ne kawai ba za a amsa ba.

Matsayar da na tsaya a kai ita ce, ba na yin ƙarya, ba na kuma buɗe takardar neman aiki da sunan cuta. Sharuɗɗa nake faɗa. Aikin da na san zan gama a kwana biyu, huɗu nake cewa. Aikin gaggawa na "yau-yau" ba na karɓa, duk da ya fi tsoka. Ina cewa a yi mini magana ta imel, in kuma ana son ganawa ta bidiyo a sanar da ni tun da wuri. Wannan na ƙarshen yana da dalili: akwai ranakun da idona ke yin ɗorawa shar saboda shawara, in na kunna kyamara tambayar farko ita ce ko lafiya. Giɓin shekarun da ke cikin takardar tarihin aikina kuwa, na cike shi da abin da na yi da gaske, fassarar sa-kai da kwasa-kwasan da na kammala a kwance. Sai aiki ya yi nisa, mutum ya ga hannuna, sannan nake gaya masa ina da lalurar da kan kai ni asibiti ba shiri. Yawancin waɗanda na gaya wa a wannan mataki ba su gudu ba. Wani abu kuma da ba na sassautawa: duk abin da na rubuta bayan na sha maganin ciwo mai ƙarfi, ba ya fita sai na sake karanta shi da wartsakakken kai.

Cikin gida ma sai an yi gyara. A wurinmu mai jinya ba shi da ƙofa. Duk wanda ya zo dubiya lada ya zo nema, ba a cewa ya dawo anjima. Ga shi kuma a idon mutane wadda ke kishingiɗe da kwamfuta a cinya hira take yi. Kawu ma da ya ji ana turo mini kuɗi daga waje, sai da ya zo takanas ya zauna bakin gado ya ce, "'Yata, ki gaya mini tsakaninki da Allah, ba irin abin nan na yaran zamani ba ne ko?" Na buɗe masa takardar da nake fassarawa, bayani ne ga masu juna biyu kan alamomin hawan jini. Ya gyara tabarau ya karanta har ƙarshe, ya nuna mini wata kalma ya ce a ƙauye ba haka ake faɗa ba, ya kuma yi gaskiya. Tun daga ranar Umma ke tare baƙi a tsakar gida daga hantsi zuwa azahar, ta ce musu ina wurin aiki.

Saura ranar da ciwo ya tashi ana tsakar aiki, domin za ta zo. Akwai wata abokiyar sana'a a Zariya, ita ma lalura ce ta zaunar da ita, ba mu taɓa haɗuwa ido da ido ba. Mun yi yarjejeniya: in ɗaya ta kwanta, ɗaya ta ƙarasa, a raba kuɗin gwargwadon kalmomin da kowa ta yi. Amma sai da sanin mai aikin, domin yawancin kwantiragin fassara suna da sharaɗin sirri da ya hana miƙa takarda ga wani, saɓa shi kuma yana iya raba ka da kamfanin har abada. Saboda haka tun farkon hulɗa nake ba da sunanta, su yi mata nasu gwajin, su ajiye. Na kuma rubuta gajeren saƙo da Turanci na adana a wayar Auta tare da adireshin waɗanda nake wa aiki: an kwantar da ni a asibiti, ga inda aikin ya tsaya, ga wadda za ta iya ƙarasawa in sun amince, in ba haka ba su ba wani, ba sai sun biya ni rabin da na yi ba. Auta ya san da zarar an sa mini ƙarin ruwa, kafin ya kira dangi, wannan saƙon zai fara turawa.